Tarihin jar fitilar dashbod, da dalilin da ya sa LED ba ya maye gurbinta sai da rizista

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya mu leƙa cikin mota. Duk wanda ya taɓa kwance tocila 'yar caji ya ga ƙananan ƙwayayen da ke cikinta, zai gane inda aka dosa.

Idan ka shiga motar haya daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ta hanyar Kurfi, ka samu kujerar gaba, ka sa ido a dashbod lokacin da direba ya murɗa makulli kafin ya tayar. A ƙa'ida ya kamata wasu fitilu su kama: ja mai hoton batir, ja mai hoton butar baƙin mai, da rawaya mai hoton inji a motocin da ke da ita. Da inji ya tashi sai su mutu. A tsofaffin motoci da dama ba za ka ga komai ba, domin ƙwayayen sun ƙone tun tuni. Yanzu da LED ya yi araha, masu wayarin ɗin mota, waɗanda muke kira riwaya, sukan cire tsohon ƙwan su dasa LED a gurbinsa. Dabara ce mai kyau, LED ya fi daɗewa, ya fi haske, bai cin wuta. Sai dai akwai motar da za a yi wa haka, bayan kwana biyu batir ya sauka a tsakiyar hanya, a yi ta zargin batir da altaneta alhali lafiyarsu ƙalau. Abin da ya ɓace ɗan rizista ne wanda bai kai girman ɗan yatsa ba. Kafin mu kai ga lissafinsa, bari mu bi tarihin abin, domin a cikin tarihin ne amsar take.

DAGA ALLURA ZUWA ƘWAI

Motocin farko ba su da wani wayarin na a zo a gani. Da hannu ake juya inji ya tashi. A 1912 ne kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai kik na lantarki da fitilun lantarki, aikin wani injiniya mai suna Charles Kettering. Daga nan batir ya zama dole, kuma dole a samu abin da zai riƙa cika shi. Wannan abu shi ne dainamo.

A wancan zamani mitoci masu allura ne ke gaya wa direba halin da mota ke ciki. Allura ɗaya ta nuna ko batir na caji, wata ta nuna ƙarfin baƙin mai. Matsalar allura ita ce sai ka kalle ta, kuma sai ka san ma'anar abin da ka gani. A tsakiyar shekarun 1930 kamfanin Hudson na birnin Detroit ya fara sa ƙananan fitilu a madadin waɗannan mitoci guda biyu. Tsofaffin direbobi ba su so abin ba, har suka laƙaba masa sunan raini mai ma'anar fitilar wawaye. Amma fitilar ta yi nasara, saboda ta fi mita araha, kuma jan haske na jawo ido ko da hankalinka na kan titi.

Ƙwan da aka yi amfani da shi ɗan ƙaramin gilashi ne mai siririn zaren ƙarfen tangistan a ciki. Wuta ta bi ta zaren, ya yi zafi, ya yi haske. Ka riƙe wannan, domin za mu dawo kansa: zaren da kansa yana tare wuta. Ƙwai mai wat 2 a mota mai bolt 12, wato abin da ake rubutawa 12V a jikin batir, ba ya barin fiye da kusan miliamfiya 167 ta wuce idan ya ɗauki zafi. Shi fitila ne, kuma shi ne rizistan kansa.

LOKACIN DA AKA BA ƘWAN AIKI NA BIYU

Dainamo na da rauni ɗaya, ba ya caji sosai idan mota na silo. Da aka samu dayod na silikon mai araha, sai aka koma altaneta. Kamfanin Chrysler ne ya fara sa shi a motar kasuwa mai suna Valiant a 1960, sauran kamfanoni suka biyo baya.

Altaneta ba shi da maganaɗisu na dindindin a cikinsa. Abin da ke juyawa a tsakiyarsa naɗin waya ne, sai an ba shi 'yar wuta kafin ya zama maganaɗisu, sannan ya fara haifar da tasa wutar. Kamar famfon ban ruwa ne, wanda sai ka zuba masa ruwa a baki kafin ya fara jawo ruwa daga rijiya. To daga ina wannan wutar farko za ta zo? Injiniyoyi suka duba suka ga ai ga ƙwan batir nan a dashbod, yana barin daidai adadin wutar da ake so ta wuce. Sai suka jawo waya daga makulli zuwa ƙwan, daga ƙwan zuwa altaneta. A altaneta ƙirar Bosch ana rubuta D+ ko 61 a wurin da wannan waya ke shiga.

Ga yadda abin ke aiki. Ka murɗa makulli, wuta ta taso daga batir, ta ratsa ƙwan, ya kama, ta zarce cikin altaneta ta tayar da maganaɗisun. Inji ya tashi, altaneta ya fara ba da bolt 14. Yanzu ɓangarori biyu na ƙwan duk suna da ƙarfin wuta iri ɗaya, babu abin da zai gudana, sai ƙwan ya mutu. Idan fambel ya tsinke ko altaneta ya lalace, ɓangare ɗaya ya faɗi, ƙwan ya sake kamawa. Ƙwai ɗaya, aiki biyu kenan: yana gargaɗin direba, yana kuma kunna altaneta. Aikin farko kowa na ganinsa. Na biyun a ɓoye yake, shi ya sa ake mantawa da shi.

YADDA MOTOCIN SUKA ISO MU

A daidai wannan zamani ne motoci suka yawaita a ƙasar Hausa. Kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, shekara ɗaya kafin Dutsin-Ma ta zama ƙaramar hukuma a 1976. Fijo 404 da 504, da a-kori-kura, da J5 daga baya, su ne suka riƙe hanyoyinmu shekara da shekaru. Bayansu motocin Kwatano suka shigo, su Golf da Sharan da Hiace da Fijo 406, waɗanda aka riga aka more su a Turai kafin su iso nan. Da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, zirga-zirgar ɗalibai da ma'aikata tsakanin Dutsin-Ma da Katsina ta ƙaru. Ga motocin kayan gwari daga yankin madatsar ruwa ta Zobe, ga na 'yan kasuwa ranar Laraba. Da yawa daga cikin motocin nan sun haura shekara 20, wasu sun haura 30, kuma wayarin ɗinsu na zamanin ƙwai mai zare ne.

Akwai wani abin lura a tarihin sana'o'inmu. Mai wayarin ɗin mota ya taso ne da waya da fiyus da ƙwai da rile. Da ƙwan gwaji yake aiki, ya dangwala nan ya dangwala can, ya gano inda wuta ta tsaya. Bai cika buƙatar rizista ba. Shi kuwa mai gyaran rediyo, wanda sana'arsa ta bunƙasa tun bayan da rediyon Kaduna ta fara watsa shirye-shirye a 1962 kuma 'yar rediyon hannu ta shiga kowane zaure, shi ne ya san rizista da launukansa da dalma. Daga baya masu gyaran talabijin da na waya suka gaje shi. Sana'o'in biyu kowace na rumfarta. LED ne ya tilasta musu haɗuwa a bayan dashbod.

SHI KUMA LED DAGA INA?

A 1907 wani Baturen Ingila, Henry Joseph Round, ya lura cewa wani dutse mai suna silikon kabayid yana fitar da ɗan haske idan aka sa masa wuta. A shekarun 1920 wani ɗan Rasha, Oleg Losev, ya yi bincike mai zurfi a kai, amma hasken bai kai na amfani ba. Sai a 1962 Nick Holonyak na kamfanin General Electric ya ƙera LED ja wanda ido ke gani sosai. A 1972 George Craford ya fito da rawaya. Shuɗi ne ya gagari kowa, har sai farkon shekarun 1990 da wasu 'yan Japan uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka shawo kansa. Sun samu kyautar Nobel a 2014 saboda wannan aiki. Daga shuɗin ne aka samu farin LED, wanda yau ke cikin tocilar wayarka da fitilar sola da ƙwan ɗakinka.

LED ba shi da zare. Dayod ne, kuma halinsa daban yake da na tsohon ƙwai ta fuska uku. Na ɗaya, ta ɓangare guda kawai wuta ke bi ta cikinsa, doguwar ƙafa ita ce fozitif. Na biyu, yana da nasa bolt ɗin da yake riƙewa: ja da rawaya kusan bolt 2, fari da shuɗi kusan bolt 3.2. Na uku, kuma mafi muhimmanci, ba ya iya tare wuta da kansa. Da zarar an wuce wancan bolt ɗin nasa, zai bar duk wutar da ta zo ta ratsa shi har ya ƙone. Ka haɗa shi kai tsaye da batirin mota, ƙiftawar ido ya isa. Ƙaramin LED na yau da kullum miliamfiya 20 ce iyakarsa.

Kamfanonin mota sun san da haka tun farko. Volkswagen ta sa LED a fitilun gargaɗin motocinta tun shekarun 1980, kamar Golf ta biyu da ta fito a 1983. Amma da ta sa LED a fitilar batir, sai ta dasa rizista a cikin allon dashbod domin ya ci gaba da kai wa altaneta wutar da tsohon ƙwai ke kai masa. Abin da za mu yi a gareji shi ne dai abin da su suka yi a masana'anta.

LISSAFIN MALAM OHM

Dokar da ake zaɓen rizista da ita ta girmi mota. Georg Ohm malamin makaranta ne a birnin Kolon na Jamus. A 1827 ya wallafa littafin da ya bayyana dangantakar abubuwa uku na lantarki. Masanan ƙasarsu ba su karɓi aikin hannu bibbiyu ba, sai a 1841 Turawan Ingila suka karrama shi da lambar yabo ta Copley. A 1881, a wani taron masana lantarki a Faris, aka amince da sunansa a matsayin ma'aunin tare wuta. Shi ne om ɗin da muke faɗa.

Ka ɗauki ruwan Zobe a matsayin misali. Ƙarfin da ruwa ke turowa da shi daga madatsa shi ne bolt. Yawan ruwan da ke gudana a bututu shi ne amfiya. Ƙuncin bututun shi ne om. Rizista ƙuntataccen bututu ne da aka auna da gangan.

Ga ƙa'idar: ka ɗebe bolt ɗin LED daga bolt ɗin mota, ka raba abin da ya rage da wutar da kake so ta wuce.

Kada ka yi lissafi da 12. Cikakken batir a zaune bolt 12.6 ne, amma idan inji na aiki yana kaiwa 13.8 zuwa 14.4. Da 14.4 za ka yi. Kuma kada ka kai LED iyakarsa ta miliamfiya 20, ka tsaya a 15, wato 0.015 na amfiya. Buɗe kalkuletar wayarka mu yi tare.

Jan LED: 14.4 a ɗebe 2, saura 12.4. A raba 12.4 da 0.015, an samu 827. Babu rizista mai om 827 a kasuwa, domin lambobin da ake ƙerawa a jere suke: 10, 12, 15, 18, 22, 27, 33, 39, 47, 56, 68, 82, da ninkinsu goma-goma. Mafi kusa shi ne 820.

Fari ko shuɗi: 14.4 a ɗebe 3.2, saura 11.2. A raba da 0.015, an samu 747. Ka hau sama zuwa 820, kada ka sauko ƙasa.

Idan ba ka samu 820 ba, om 1,000, wanda ake kira 1k, zai yi. Hasken zai ɗan ragu, kuma da dare hakan ma ya fi, domin fitilar dashbod mai haske da yawa tana kashe wa direba ido.

Manyan motoci masu batir biyu, irin su tifa da tirela, bolt 24 ne, suna kaiwa 28.8 a lokacin caji. A nan 26.8 za ka raba da 0.015, ka samu kusan 1,800, wato 1.8k.

Saura maganar zafi. Wutar da rizista ya tare ba ɓacewa take ba, zafi take komawa. Ka ninka bolt ɗin da ya rage da amfiyar: 12.4 sau 0.015 ya ba da kusan wat 0.19. A takarda, ɗan ƙaramin rizista mai kwatan wat zai ɗauka. Amma ka tuna watan Afrilu da Mayu a Kurfi, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, ga mota a ajiye cikin rana gilashi a rufe. Ka sayi mai rabin wat. Na babbar mota kuwa lissafin ya kai wat 0.4, don haka mai wat 1 za ka nema.

Wannan rizista a jere ake sa shi da LED, wato wuta ta bi ta cikinsa sannan ta shiga LED. Ko a wace ƙafa ka liƙa shi duk ɗaya ne. Idan kuma LED ɗin da ka saya irin na sokawa ne, wanda aka yi shi da siffar tsohon ƙwan dashbod aka rubuta 12V a kwalinsa, to rizistan na cikinsa tun daga masana'anta. Ka soka shi kawai, in bai kama ba ka zare ka juya shi.

Fitilar baƙin mai nan aikinta ya ƙare. Wani ɗan makunni ne a jikin inji ke haɗa ta da jikin mota idan ƙarfin mai ya faɗi. LED da rizista ɗaya sun wadatar.

FITILAR BATIR: RIZISTA BIYU TAKE SO

Yanzu mu dawo kan aikin nan na ɓoye. Tsohon ƙwai mai wat 2 yana kai wa altaneta wuta da yawa, LED kuma miliamfiya 15 kacal yake bari, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na tsohon. Wannan ba ta isa ta tayar da maganaɗisun ba. Sai ka tayar da mota, altaneta na juyawa amma ba ya caji. Wani lokaci in ka taka totur da ƙarfi yakan farka saboda ɗan ragowar maganaɗisu da ke jikin ƙarfensa, wani lokaci ba ya farkawa. Direban da ke tafiya a hankali cikin gari, ko yake barin mota a silo a tasha yana jiran fasinja, batirinsa kawai yake ci.

Ba kowace mota ce haka ba. Altanetocin Toyota da dama suna da wata waya daban mai alamar IG da ke kawo musu wutar farko, fitilar kuma tana kan waya mai alamar L. Wasu motocin tun daga masana'anta an sa musu rizista a gefen ƙwan. Sababbin motoci kuwa kwamfutar mota ce, wadda makanikai ke kira birenbos, ke ba altaneta umarni. Saboda haka kada ka yi hasashe, ka gwada.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka cire ƙwan fitilar batir. Ka sa mita a kan batir. Ka tayar da mota ba tare da ka taɓa totur ba. Idan mita ta haura 13.5, motarka ba ta dogara da ƙwan ba. Idan ta tsaya a 12 da ɗoriya, to ƙwan ne ke kunna altaneta, kuma kana buƙatar rizista na biyu.

Wannan na biyun babba ne, kuma kafaɗa da kafaɗa ake haɗa shi. Ma'ana ƙafarsa ɗaya a wayar da ta zo daga makulli, ɗayar a wayar da ta tafi altaneta, ya tsallake LED da ƙaramin rizistansa gaba ɗaya. Shi zai ɗauki aikin ɓoyen, LED ya tsaya a aikin haske.

Yadda za ka san ƙimarsa: duba wat ɗin da aka rubuta a gindin tsohon ƙwan, ka raba 144 da shi. Ƙwai mai wat 2 ya ba da 72, sai ka ɗauki om 68 ko 82. Mai wat 1.2 ya ba da 120, akwai shi daidai. Mai wat 3 ya ba da 48, sai ka ɗauki 47.

Wannan rizista yana zafi da gaske. Mai om 68 yana fitar da sama da wat 2 duk lokacin da makulli ke kunne inji bai tashi ba, kamar yadda wasu ke bari suna jin rediyo ko suna cajin waya. Ka sayi farin nan mai kama da guntun alli, wanda aka rubuta 5W a jikinsa. Idan 47 ne, ka nemi mai 10W. Ka ɗaure shi nesa da roba da tarin wayoyi, inda iska ke ratsawa, kada ka naɗe shi da salatif.

Abu biyu kuma. Kada wani ya ce maka a haɗa wayar makulli kai tsaye da D+ a huta. Yin haka na iya ƙona regileta, a wasu motocin ma inji yakan ƙi mutuwa bayan an kashe makulli, saboda wutar altaneta na komowa ta wannan hanya. Sannan yana da kyau ka ƙara dayod mai lamba 1N4007 a jere da LED ɗin, ɓangaren da ke da zobe yana fuskantar altaneta. Dalili shi ne a daidai lokacin da ka kashe makulli wutar takan juyo baya na ɗan lokaci, shi kuma LED bai jure fiye da kusan bolt 5 ta baya.

FITILAR FETUR DA TA INJI

Wasu motoci da babura ƙirar Japan suna da wani ɗan abu a cikin tanki mai suna tamista. Muddin yana nutse a fetur yana da sanyi, yana tare yawancin wuta, tsohon ƙwai ba ya kamawa. Fetur ya yi ƙasa, ya fito fili ya ɗauki zafi, ya saki wuta, ƙwai ya kama. Ita wannan 'yar wutar da ke wucewa lokacin da tanki ke cike ta isa ta kunna LED, sai ka ga fitilar fetur a kunne kullum. Maganin iri ɗaya ne da na batir, rizista kafaɗa da kafaɗa, da lissafin 144 ɗin nan.

Ita kuma rawayar fitila mai hoton inji ƙanwa ce a gidan. Ta zo ne da zamanin kwamfutar mota, wajen 1980. Daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin bincike mai suna OBD-II, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Shi ya sa za ka ga soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Da 'yar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhaja irin Torque, wayarka za ta karanta maka abin da ya kunna fitilar. Misali lambar P0300 na nufin inji na tsallake wuta. Idan ka sa wa wannan fitila LED ka ga tana ɗan haske dishi-dishi ko da babu matsala, 'yar wutar da ke yoyo daga kwamfutar ce. Rizista mai 1k zuwa 2.2k kafaɗa da kafaɗa yakan kashe wannan. Fitilar jakar iska kuwa ka ƙyale ta da irin ƙwanta na asali, domin a wasu motocin kwamfuta na auna wutar da ƙwan ke ja.

Ga masu shirin sayen mota 'yar hannu: ka murɗa makulli ka ƙirga fitilun kafin a tayar. Akwai masu cire ƙwan fitilar inji ko su liƙe shi domin ɓoye matsala. Fitilar da ba ta kama ba a wannan lokaci, ka tambayi dalili.

KARANTA LAUNIN RIZISTA

Tun shekarun 1920 masu ƙera rediyo a Amurka suka fito da tsarin launuka, kuma har yau shi ake bi. Baƙi 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. A rizista mai zobe huɗu, na farko da na biyu lambobi ne, na uku yawan sifirin da za a ƙara ne, na huɗu mai ruwan gwal yana nufin zai iya saɓawa da kashi 5 cikin 100.

Om 820: ruwan toka, ja, ruwan ƙasa.
1k: ruwan ƙasa, baƙi, ja.
1.8k: ruwan ƙasa, ruwan toka, ja.

Launi kan dushe, ja da ruwan ƙasa kan rikita ido, saboda haka ka auna da mita kafin ka sa dalma. Ƙananan rizista za ka same su wurin masu gyaran rediyo da talabijin, ko a jikin matattun alluna. Manyan masu 5W in babu a kusa, a yi saƙo Katsina ko kasuwar Sabon Gari a Kano. Kuma ka sayi LED mai launin gilashin da zai zauna a bayansa, ja a bayan ja, rawaya a bayan rawaya. Farin LED a bayan jan gilashi yakan fito fari-fari, ba ya tsorata direba kamar yadda ya kamata.

ABIN DA KE KAN LAYI

Wani zai ce duk wannan bayani a kan ɗan ƙwai? Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi sun san amsar. Tafiyar kusan kilomita 60 ce zuwa Katsina, amma a shekarun nan na rashin tsaro babu direban da ke son motarsa ta mutu a daji bayan magariba da fasinja a ciki. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da waɗannan biyun. A lokacin, wanda motarsa ta tsaya a hanya ko kiran makanike ba zai iya ba. Fitilar batir da ke aiki daidai tana ba ka damar lallaɓawa zuwa gari mafi kusa kafin batir ya ƙare. Fitilar baƙin mai kuwa daƙiƙoƙi take ba ka ka kashe inji kafin ya buga, kuma kowa ya san kuɗin inji a yau. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Bayan an gama aiki, kada ka bar gareji sai ka ga abu uku da idonka. A murɗa makulli, duk fitilun su kama. A tayar ba tare da taka totur ba, su mutu gaba ɗaya, babu dishi-dishi. A sa mita a batir, ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Idan ɗaya ya saɓa, aikin bai ƙare ba.

Ku tura wa direba ko mai wayarin da kuka sani. Wanda ke da tambaya a kan irin motarsa, ya rubuto mana sunanta da shekararta da wat ɗin da ke jikin tsohon ƙwan, sai mu yi lissafin tare.